Bindigar da Aka Ɗinke Cikin Fata

Samarin da ke zuwa maƙerata yanzu suna ɗauka kimanta bindiga ba wani aiki ba ne. A ganinsu ka ɗaga ta, ka leƙa bakinta, ka tsuke fuska kamar mai ciwon haƙori, sannan ka faɗi abin da ya zo maka. Ɗayansu har ce mini ya yi, "Baba Garba, ai wannan ko ni sai in yi." Na ce masa to. Ban yi musu da shi ba, amma tun ran nan nake son in rubuta yadda aikin yake, da ɗan karatun da Allah ya ba ni.

Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, a Kankiya aka haife ni zamanin Turawa. Ubana garma da fartanya da lauje ya sani. Bindiga kuwa a hannun ƙanen uwata na koye ta, Kawu Ɗanjuma, wanda ya daɗe a barikin soja a Zariya yana gyaran bindigogi. Da na je wurinsa sai da na gaji da zuga-zugi da ɗaukar gawayi kafin ya bar ni in taɓa ko da kunamar bindiga. Ran da ya yarda, rawaninsa ya kwance ya ɗaure mini ido, ya ɗora mini wata a hannu.

Ya ce, "Mi ka ji?"

Na ce, "Bindiga."

Ya ce, "Madalla da wanga ilimi. Da na zaci taɓarya ce. Ina nauyinta ya taru, gaba ko baya?"

Haka muka yi ta yi. Ya koya mini in ƙwanƙwasa ƙarfe da bayan magagari in saurara, don lafiyayyen ƙarfe yana jan kuka, mai tsaga kuwa nan take yake yin shiru. Ya koya mini in shinshina baki in san ko an harba ta kwanan nan. Alamomin ƙasashe kuma a tokar maƙera ya zana mini su da tsinke. Ta Ingila tana da layi uku kamar sawun kaza. Ta Faransa, da ke shigowa ta Maraɗi, rubutu ne a kwance. Ta Jamus tana da kambi a kan harafi, da wani tsuntsu mai buɗaɗɗun fukafukai. Ya ce da wuya in ga ta Jamus a rayuwata, amma in riƙe. A zane kawai na san su, don abin da ke zuwa maƙerarmu bindigar toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki.

Masu zuwa wurina yawanci maharba ne daga Sukuntuni da ƙauyukan Kusada, sai masu gadin gona da ke korar biri, sai masu harbin biki. Maharbi mutum ne mai wuyar sha'ani. Zai ce bindigarsa ta daina cin nama, ka duba ka ga ba abin da ya same ta, idonsa ne ya tsufa. In ka faɗa masa haka ba zai sake dawowa ba. Sai ka ɗan taɓa kunama, ka shafa mai, ka ce ya riƙa matsawa kusa kafin ya harba.

Shekarar da fara ta cinye gero, ita ce ta mayar da ni mai kimantawa. Mutane suka riƙa ba da bindigoginsu a karɓi hatsi, kuma ba mai yarda da wani sai an zo gabana. Ina tuna wani maharbin Sukuntuni da ya zo tare da mai hatsi. Bindigar a ido tsaf take. Na ƙwanƙwasa ta, ta yi shiru. Na kai ta kusa da wuta, sai ga danƙo yana narkewa daga wata tsaga da aka cike aka shafe da baƙin tukunya. Maharbin yana da iyali, kuma yunwa a fuskarsa take. Duk da haka na faɗi gaskiya, don in na rufa masa, wanda zai harba ta gobe shi zai rasa yatsu. Mai hatsi kuma da ya so in karya darajar wata lafiyayya don ya samu da araha, shi ma na ƙi. A shekarar na rasa abokai ta ɓangare biyu, na sha kunun dusa kamar kowa. Amma da aka yi damina mai kyau, sunana ya riga ya kai kunnen alƙali.

Aikin da na fi alfahari da shi ya zo ne ana sharar gona, gab da faɗuwar ruwa. Alƙali ya aiko in same shi a Kusada, inda yake zaman rabon gado a zauren dagaci. Wanda ya rasu wani tsohon soja ne na ƙauyen Bauranya, Saje Mamman, wanda ya yi yaƙin Jamus a ƙasar Kamaru. Ya bar 'ya'ya biyu. Babbar ita ce Hajara, mijinta ya rasu, ta dawo gidan ubanta da yaranta tana noma gonarsa. Ƙaramin shi ne Ibro, maharbi, yana da tasa gonar a gefen ta uban. Bayan an fitar da ushira da sauran hidimomi, abin da ya rage gona ce da bindiga.

Dattawan ƙauye sun riga sun yi wa bindigar kuɗin bunsuru. In aka tafi a haka, Ibro zai ɗauki bindiga ya haɗa da kashi biyu na gona, Hajara ta tashi da kashi ɗaya, wanda ba zai ciyar da ita da yaranta ko zuwa rani ba. Ita ce ta ƙi. Ta ce ta sha jin ubanta yana cewa wannan bindiga ta fi gonar, don haka a kira wanda ya sani.

Da na shiga na gaida alƙali, aka miƙo mini ita. Tun daga ƙota har kusa da baki an ɗinke ta cikin jar fata wadda ta yi baƙi don tsufa, kunama kaɗai ke leƙowa. Ga layu a jere, ga busasshen jinin dabba, kamar dai yadda maharbanmu ke yi wa tasu. Kowa ya gan ta zai ce bindigar toka ce. Amma da ta sauka a hannuna na san ba ita ba ce. Bindigar toka kanta yake rinjaya, kamar za ta faɗi ta gaba. Wannan kuwa ta zauna a tafin hannu kamar an auna ta da shi.

Ibro yana tsugune a gefe yana sakace. Ya ce, "Maƙeri, kada ka wahalar da kanka. Ko ramin da wuta ke bi ta kama albarushi ba ta da shi. Ni so nike in an gama ka huda mani ita in samu ta harbin zomo."

Hajara tana daga bakin ƙofa, lulluɓe da mayafi. Ta ce, "Zomon da ka shekara kana bi bai mutu ba, sai da bindigar Baba?"

Mutane suka yi dariya. Ibro ya ce, "Yaya, ke dai gona kike so, faɗi kawai."

Ta ce, "Na faɗa. Ita nike so. Ko kai za ka ci da yarana?"

Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru. Na ɗauko sandar da muke ɗura albarushi, na naɗa mata tsumma a kai, na jiƙa da man gyaɗa, na tura a baki a hankali. Ban riƙe ta da ƙarfi ba. Sai sandar ta fara juyawa da kanta a tsakanin yatsuna. Na zaro, ta juyo baya. Na ce wa alƙali ya gwada da hannunsa. Ya tura, ta juya, ya yi sauri ya sake ta yana salati.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ba aljani ba ne. A cikin ƙarfen akwai layuka da aka sassaƙa suna murɗawa kamar igiya, su ke sa harsashi ya tafi a miƙe. Ba maƙerin ƙasar nan da ke iya wannan. Ta baya ake ɗura mata, kuma fatar nan ta rufe wurin. Sai an cire zan san ko ta wace ƙasa ce."

Nan Ibro ya miƙe. Ya ce ba mai sa wuƙa a fatar da ubansa ya sa aka ɗinka, kuma ba mai taɓa layun maharbi in ba maharbi ba. Dattawa suka goyi bayansa, don haka al'adar take. Na ga maganar za ta mutu a nan, gona ta tafi. Sai na ce to ba za a yanka ba. A kira baduku ya warware ɗinkin zare bayan zare yadda zai iya mayarwa, layu kuma Ibro ya cire da hannunsa ya zuba a ƙwarya, ni ko kallonsu ba zan yi ba. Ibro ya yi ta gunaguni, amma ya yarda.

Baduku ya daɗe yana aiki da basilla. Da fatar ta buɗe, kowa ya matso. Ƙotar wani itace ne mai duhu mai zane kamar ruwa yana gudu. Ƙarfen kuma an zane shi gaba ɗaya. A gefe ɗaya wata dabba ce kamar barewa, amma ƙahonta ya yi rassa kamar bishiya, ta ɗaga kai tana kuka. A ɗaya gefen wani gadu ne karnuka sun taso shi. Kewaye da su ganyaye ne irin waɗanda ba mu da su, kowane da jijiyoyinsa. Gashin wuyan dabbar ma ɗaya-ɗaya aka fitar da shi. Ni da nake sana'ar ƙarfe na rasa da wane irin kurfin sassaƙa aka yi wannan aiki.

Wani dattijo ya ce, "Wagga barewa itace ya tsiro mata?"

Na lalubo wani ɗan maɗanni a ƙasa na tura, bindigar ta karye a tsakiya ta buɗe. Ibro ya yi ihu, "Ya karya ta!" Na rufe ta, ta koma da wata 'yar ƙara mai daɗi, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Na sake buɗewa na juya ƙasan ƙarfen wajen haske. Ga kambi a kan harafi, ga tsuntsu da fukafukai a buɗe, daidai yadda Kawu ya zana mini a toka. Na ce ta Jamus ce, kuma ba ta soja ba ce, don ba a yi wa bindigar soja ado. Ta farautar wani babban mutum ce, kuma yadda ƙotar ta lashe a wurin kunci, ta girmi yaƙin da Saje ya je. Sai a lokacin dattawa suka gane dalilin fatar. Daga yaƙi Saje ya zo da ita, ya sa aka ɗinke ta don kada hukuma ta gane ta ta karɓe.

Alƙali ya ce, "To, nawa?"

Ga inda samari ke ganin sauƙi. Ba a faɗin kima sai an amsa abu uku: lafiyar ƙarfe, yawan aikin da ke jiki, da wanda zai iya saye. Ƙarfe lafiya lau. Aiki kuwa na kwatanta da takobi mafi ado da na taɓa gani, na ga takobin bai kai rabin gefe ɗaya ba. Na tuna kuma Kawu ya ce wani hafsa ya taɓa rabuwa da dawakinsa biyu don irin wannan. Na nemi a faɗa mini kimar gonar, aka faɗa. Na ce, "A hannun maharbinmu ba ta kai taɓarya ba, don ba harsashinta a kasuwa. A hannun wanda ya san ta kuwa, ta yi gonar nan biyu."

Ibro ya ce, "Gona biyu! Maƙeri, mi Yaya ta ba ka?"

Hajara ta ce, "Fura na ba shi, irin wadda kake zuwa sha kullum ba ka biya."

Alƙali ya ce magana ɗaya ba ta isa ba. Akwai wani Bature mai kantin gyaɗa a Yashe, mai son farauta, yana da lasin riƙe irin waɗannan. A kai masa ya taya, a ji. Ya ce in tafi da ita in tsabtace ta tukuna.

A maƙera na zauna da ita. Man da Saje ke ɗurawa ta ƙarƙashin fata ya daskare a cikin zanen, na bi shi da tsinke da tsumma har ya fita. Amma ƙarfen ya ƙi yin fari. Baƙi ne mai shuɗi-shuɗi kamar rini. Mu kuwa a wurinmu ƙarfe mai kyau fari ne. Wuƙa, takobi, bindiga, duk da toka da ruwan tsamiya muke dirje su har su yi walƙiya, kuma maharbi ba ya biyanka in bai ga fuskarsa a jiki ba. Na ɗauka dattin shekaru ne. Na dangwalo toka da tsamiya na dirza a gefen barewar, wuri kamar faɗin babban yatsa. Nan take ya yi fari, na ji daɗi. Da na kai ido kusa sai na ga reshe ɗaya na ƙahon ya dushe. Na tsaya. Kashegari farin wurin ya yi jar tsatsa, baƙin kuwa ko ɗigo. A nan na gane baƙin nan da gangan aka yi shi, shi ne rigar ƙarfen. Na shafa mai, tsatsar ta fita, amma tabon ya zauna.

Muka tafi Yashe da Ibro da wakilin alƙali. Baturen yana jin Hausa sama-sama. Da ya ga bindigar ya ajiye lofensa, ya goge hannu a wando kafin ya karɓa. Ya buɗe ta, ya duba alamomin, ya ce ta Jamus ce, tsohuwa, ta farautar masu arziki. Duk abin da na faɗa a Kusada ya maimaita. Sannan yatsansa ya tsaya a kan tabon.

Ya ce, "Wannan sabo. Wane ya yi?"

Na ce, "Ni ne."

Ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce ba mai iya mayar da wannan baƙi a ƙasar nan, zanen kuma ya tafi ke nan. Ya faɗi abin da zai biya da ba tabon, wakilin alƙali ya lissafa, ya zo daidai da gona biyu kamar yadda na ce. Sannan ya faɗi abin da zai biya yanzu. An rage kuɗin bijimi guda.

Ibro ya karɓi bindigar ya rungume. Ya ce, "A ce Bature shina harbin zabi da bindigar Saje? Ba ni sayarwa." A hanya ya sake roƙona in huda masa ita. Na ce ya nemi wani maƙerin, ni na yi mata abin da ya isa.

Da muka koma gaban alƙali, ya ce wa Ibro, "In ka ɗauke ta, a wannan kima ka ɗauka. Kada damina ta yi nisa ka dawo ka ce mini ba a tuƙa tuwo da ita." Ibro ya ce ya ji ya yarda. Maganar riƙe ta kuma hakimi ya kai gaba, aka bar ta a gidan a matsayin kayan tsohon soja, muddin ba harsashi. Baduku ya mayar da fatar, Ibro ya mayar da layunsa.

Saura lissafi. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Da bindigar ta cika gona biyu, da Hajara ta ɗauki gonar gaba ɗaya ba a taɓa ko kunyar shuka guda ba. Da yake ta gaza, dole a yanko wa Ibro ciko daga gonar, kuma daga gefen da ya haɗu da tasa. Muka fita Bauranya da igiya aka auna. Yankin ba shi da faɗi, amma a cikinsa wata babbar ɗorawa take, wadda Hajara ke samun kalwar daddawar da take kaiwa kasuwar Kusada. Igiya ta bi ta bayan bishiyar, ta bar ta a wajen Ibro.

Hajara ta tsaya tana kallon inda ake kafa turaku. Ta dubi sauran gonar, wadda ta isa ta ciyar da ita da yaranta shekara da shekaru, kuma ta ciyar da su ɗin. Ba wanda ya ɓoye mata dalilin cikon, ni da bakina na faɗa a gaban alƙali. Ta juyo ta ce, "Maƙeri, Allah ya saka da alheri, ka tsamo mani gona." Sannan ta ce, "Amma wanga yatsa naka ya ci mani ɗorawa."

Na ce, "Haka ne, Hajara."

Ta ce, "To, a gaida gida." Ta ɗauki fartanyarta ta shiga sharar gona, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Ku da kuke koyon wannan sana'a, in aka kawo muku tsohon ƙarfe ku kimanta, ku duba shi da hannu da kunne da ido, ku faɗi gaskiyarsa ko wa za ta ɓata wa. Amma ina roƙonku, abin da ba ku san dalilinsa ba a jikinsa ku bar shi yadda kuka same shi. Kada ku sa masa toka.